Laka a Ƙarƙashin Kujerar Baya

Ranar da Mujidat ta fara ganin Nazifi, rabinsa kawai ta gani. Ƙafafunsa ne a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin sitiyarin wata tasi a garejinsa na Dilimi, cikin Jos. Ita kuwa turo mata ƙaramar motarta aka yi, don ta ƙi tashi tun safe.

"Oga Rewaya, sannu da aiki. Wai kai ne likitan lantarkin mota?"

Ya fito yana goge hannu. Ya dube ta, ya yi maza ya mayar da idonsa kan motar. Kafin ya taɓa komai sai ya zura kai ta taga ya shaƙi iskar ciki.

"Me kake sansanawa?" ta tambaya tana dariya.

"Hancina ya fi kwamfutata saurin gane ciwo, Hajiya. Waya ce ta ƙone a taki."

Minti goma ya gama. Amma a watan nan sau uku Mujidat ta dawo da motar, kuma sau uku yana ce mata lafiyarta lau. A na huɗu ya yi murmushi ya ce, "Ranki ya daɗe, ina ga ba motar ce mara lafiya ba." Ta rufe fuska da mayafi.

Daga nan ya san sunan da kakarta take kiranta da shi, Ajoke. Ya riƙe shi gam, ita kuma ta sa masa Injiniyana.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Alhaji Rasaki mai atamfa, a Jos aka haife shi, duk da iyayensa daga Ogbomoso suka zo.

"Ba ƙabila ce damuwata ba, Muji," in ji shi. "Amma duk bakaniken da na sani, abin da zai kawo masa aiki yake faɗa. Yaya zan ba da 'yata ga wanda ban amince da maganarsa ba? Ga Oluwafemi nan, ɗan aminina."

Oluwafemi dillalin motoci ne a Bukuru. Shi ne ma ya samo wa Alhaji wata mota ta alfarma, tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, mai aiki da lantarki zalla. Baƙa ce wuluk, tana tafiya ba ƙara ba hayaƙi. Alhaji ya gaji da layin mai, ga sola a gidansa, don haka ransa ya biya ƙwarai. Da kyar Mujidat ta shawo kansa ya yarda Nazifi ya duba ta kafin a saya. A ranta ta tsara komai, sai ta tura masa saƙo:

"Injiniyana, Baba ya mutu a kan motar nan. Don Allah ka yaba ta ko kaɗan ne. Ƙofar da muke nema ce ta buɗe."

Amsarsa ta zo: "Ajokena, in ta cancanci yabo zan yabe ta har ki gaji da ji."

Ranar Asabar suka hallara a Bukuru. Nazifi ya duba tayoyi da birki. Ya jona kwamfutarsa ya daɗe yana kallo. Ya haska ramin caji da tocila. Sannan ya buɗe ƙofar baya, ƙamshin turare ya buge su, ya ƙirga kwalaben turaren har huɗu a motar guda. Mujidat ta ga fuskarsa ta canza.

"Baba, kada ka saye ta," ya ce a hankali. "Allon gaba yana nuna batir a cike, amma ƙarfinsa na gaskiya ya ragu sosai. Ramin caji ya fara yin kore. Ruwa ya taɓa shanye motar nan. Batirin da ya sha ruwa yana iya ɗauke wuta a Hawan Kibo, yana iya kamawa da wuta a cikin gida. A bar ni in kwance kujerar baya in nuna maka."

"Ka kwance me?" Oluwafemi ya taso. "Dadi, kishi ne kawai! Don motata ce!"

Alhaji ya dubi 'yarsa. "Kin gani ko?" Ya juya ga Nazifi. "Malam, mun gode. Ranar Laraba zan ɗauki motata."

A hanya Mujidat ta rubuta masa, hawaye na ɗiga kan wayar: "Abu ɗaya na roƙe ka. Ka zaɓi ka kunyata Femi, ka rasa ni."

"Ajoke, motar da za ki zauna a bayanta ce. Gara Baba ya hana ni ke da in ce masa lafiyarta lau. Ko kin auri wani, ina so ki isa gida da rai."

Kwana uku ba ta amsa ba. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta yi ta tunani: me ta nema a wurinsa? Ta nemi ya zama irin bakaniken da mahaifinta yake tsoro. Da ya yi mata biyayya, ai da Baba ya yi gaskiya a kansa. Sai kuma ta tuna mutumin da ya sallame ta sau uku yana cewa motarta ba ta da komai, alhali zai iya ƙirƙiro mata ciwo don ta ci gaba da zuwa.

Ranar Laraba ta bi mahaifinta Bukuru. Kafin ya karɓi makulli ta durƙusa.

"Baba, ba na ce ka yarda da shi ba. Hancinka nake so ka yarda da shi. Ka tuna shekarar da kogin Dilimi ya shiga sitonka?"

Alhaji bai manta ba. Mako biyu ya yi a wancan lokacin yana tono dilolin atamfa daga cikin laka da hannunsa. Har yau in aka yi ruwa mai ƙarfi ba ya iya cin abinci.

"Femi, a cire kujerar," ya ce.

Ƙusoshin sun yi tsatsa, da kyar suka kwance. Da aka ɗaga kafet, sai ga busasshiyar laka ta kwanta a kowane lungu. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya sunkuya, ya shaƙa sau ɗaya. Ya miƙe idonsa ya yi ja.

"Na san warin nan," ya ce.

Oluwafemi ya dafe kai. "Wallahi Dadi a hoto na saye ta daga waje. Turaren ma da shi ta zo." Alhaji ya dafa kafaɗarsa, don ya ga shi ma cutarsa aka yi.

Da la'asar Nazifi yana ƙarƙashin wata mota ya ga takalma masu tsada sun tsaya a gabansa. Ya fito da sauri ya russuna.

"Tashi, ɗana," in ji Alhaji. "Ka san kalma ɗaya mai daɗi za ta ba ka 'yata, ka ƙi faɗarta. Ka turo manyanka."

Wayar Nazifi ta yi ƙara a aljihu: "Injiniyana, ka yafe mini. Motata ba ta da lafiya, ni ma haka."

Ya amsa: "Kawo su duka biyun, Ajokena."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Motoci na alfarma suka cika layi, amma amarya ta ce ƙaramar motarta za ta kai ta. Alhaji da kansa ya buɗe mata ƙofa, ya tsaya yana duban motar.

"Ango, ka duba wannan ɗin?"

"Tun daga taya har fitila, Baba."

"To shi ke nan, hankalina ya kwanta. Allah Ya yi muku albarka, Ya kai ku gida lafiya."

Jama'a suka amsa da amin, motar ta tashi a bugu ɗaya.