Lambar Inna Hajo

Da hantsi aka kawo Kamalu ofishin 'yan sanda na Sabon Birni, riga a yage, takalmi ƙafa ɗaya. Mutanen tasha na biye da shi suna kiran infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, wani dogo mai jar hula a gabansu. Jiya 'yan bindiga suka tare ayarin motocin kasuwa a hanyar Isa, suka ƙona mota ɗaya, suka tafi da direba ɗaya, Abdulrasheed. Lokacin tashin ayarin kuwa sirri ne, yana cikin manhajar da Kamalu ya gina wa ƙungiyar direbobi.

Sufeto Sammani ya sa aka rufe ƙofa. Ya gaji, ya gaji da damina musamman, lokacin da gero ke tsawo har ya ɓoye mutum da babur ɗinsa. Ya san abin da kalmar infoma ke jawowa a garin nan. In rana ta faɗi bai gano mai laifin ba, ƙofar katakon nan ba za ta tsare Kamalu ba.

"Yi mini bayani kamar kana yi wa kakanka," ya ce.

"Yallaɓai, kamfunnan waje ka da kayan aikin gina irin manhajar ga. Can bisa kwamfutocinsu take zaune, kilawud muke ce mishi. Suna ba ka gwaji kyauta na wata guda, in ya ƙare sai dala. Ni ko ina nig ga dala? Sai in kwashe aikin in buɗe sabon gwaji. Amma kowane gwaji da lambar waya tai. Wadda anka yi aiki da ita ba su sake karɓa."

"Wa ke ganin lokacin tashi?"

"Alhaji Wakili, shugaban direbobi, shi ka sawa. Direbobi ba su gani sai ana gab da tashi. Mai asusun ɗai ka iya gani tun da wuri."

"Wato kai."

"Ni na. Amma yau da sahe na zo shiga, niy iske an canza kalmar sirri. Da niy yi magana a tasha, sai anka ce sawuna nika ɓatarwa."

Sammani ya murza gwiwarsa mai ciwo. Bai san kilawud ba, bai kuma yi niyyar saninsa a wannan tsufa ba. Amma ya san mai mabuɗi a aljihu ba ya ɓalle kwaɗon ɗakinsa.

"Wanda ba shi da kalmar, yaya zai shiga?"

"Sai ya danna cewa ya manta. Su turo lamba ta saƙo, ya sa sabuwa."

"Su turo wa wa?"

Kamalu ya sunkuyar da kai. "Tawa ta ƙare, ta matata ta ƙare, na abokaina duk sun ƙare. Gwajin ga da lambar Inna Hajo na buɗe shi." Hajo yayar mahaifiyarsa ce, mai sayar da nono, ita ta raine shi bayan uwar ta rasu.

Sammani bai ɗauki lokaci wajen Alhaji Wakili ba. Shi ke rubuta lokacin da hannunsa, me zai fasa ya gani? Motar da aka ƙona ma tasa ce. Daga nan Sammani ya ratsa taɓo zuwa rumfar Ashraf mai caji, inda kusan kowace waya a garin ke yini. Ya tarar da janareto a wargaje, maƙwabta kuma suka ce tun makon jiya ya mutu.

"Ko da shina aiki," in ji Ashraf, "Inna Hajo ba ta barin wayarta. Tsaye take har ta cika, ta ɗaure ta bakin zane."

A gindin bishiyar bedi Sammani da wani kofur suka same ta, bakin kasuwa, ƙwarya a gabanta. Tsohuwa ce mai baki, Allah ya ba ta. Kafin Sammani ya gama gaisuwa ta ba shi labarin haƙoran Kamalu, da auren 'yarta Saude, da rowar kishiyar maƙwabciyarta, kowa da sunansa har na kakansa. Da ya gaya mata inda Kamalu yake da abin da ke jiransa, sai ludayin ya tsaya a hannunta.

"Inna, saƙo ya shigo wayarki kwanan nan?"

"Ya shigo, jajibirin tahiyar motocin. Ni ban da boko. Anka duba min, anka ce tallar kamfani ta, anka goge."

"Wa ya duba?"

Ta kau da fuska, ta gyara faifan ƙwarya. "Shi wancan."

"Wane ne wancan?"

"Shi dai."

Kofur ɗin da ke tare da shi ya raɗa masa cewa ɓoyewa take, a tafi da ita ofis. Sammani ya harare shi. Kofur ɗin baƙo ne, Sammani kuwa a bakin ruga ya tashi. Mace irin Hajo tana kiran kowa da suna, ban da mutum biyu: mijinta da ɗanta na fari. Miji kuwa, ta riga ta faɗa, ya daɗe a ƙasa. Ya juya ga mai nonon da ke gefe.

"Wa ne ɗan farin Hajo?"

"Usmanu mana. Ɗan kamashon tasha, dogon nan mai jar hula."

Ba a sha wahalar nemansa ba, yana ƙofar ofis yana zuga jama'a. Aka shigo da shi kamar za a karɓi shaidarsa. A aljihun wandonsa aka sami waya ta biyu, an share ta tas.

"Da can lokacin tashi a baki yake," Sammani ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Duk ɗan kamasho yana ji, kai kuma kana kai wa daji. Manhajar ƙanenka ta toshe maka hanya. Ka san lambar wa ya ara, don gida ɗaya kuka tashi. Ka ce ka manta kalma, saƙo ya faɗa wayar uwarka, ka karanta, ka goge. Da Kamalu ya gane an canza, sai ka riga kowa ihu."

Usmanu ya yi murmushi, murmushin da ya ba Sammani haushi har cikin ransa.

"Labari na mai daɗi, yallaɓai. Wa ash shaida? Innata ba ta hwaɗin sunana, ko gaban alƙali."

Gaskiya ya faɗa, Sammani ya sani. Kunya ba ta shiga takardar ƙara, kuma taron da ke waje ba zai watse da "shi wancan" ba. Rana ta fara karkata.

Ashe Hajo ta biyo su. Tana tsaye a bakin ƙofar da aka bari a buɗe bayan shigo da Usmanu, ƙwarya a kai, jama'a sun buɗa mata. Ta dubi Kamalu a kan benci, leɓensa a fashe. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sauke ƙwaryar a hankali, ta juya ga taron, ba ga Sufeto ba.

"Usmanu," ta ce. "Usmanu na yad duba saƙon."

Babu wanda bai san abin da ya ji ba. Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Usmanu ya nemi bango ya jingina, ya sulale har ƙasa, hular ta faɗi. Kafin la'asar ya faɗi dajin da aka kai Abdulrasheed.

Sammani bai ji daɗin nasara ba, gajiya kawai ya ji da tausayin tsohuwar. Ta ɗora ƙwaryarta, ta kwance bakin zane, ta ajiye wayar a cinyar Kamalu.

"Cire lambata cikin abin ga naku," ta ce. "In ka gama ka taho gida, akwai fura."