Wanda Ya Kwantar Da Ɗan'auta

Da hantsi aka tsinci gawar Ɗan'auta, tsohon mai gadin ɗakunan shaƙatawa na Kwarin Nu'uman, a bakin ruwa. Kwana uku ke nan da aka tafka ruwa a duwatsun Ɗa'ifa, kwarin ya kawo. Mutanen Makka kuwa, da ba su cika ganin ruwa yana gudu ba, sun yi dafifi sun kama ɗakunan katakon nan, kowa da dardumarsa da naman gashinsa.

Mulazim Mudassir na 'yan sanda ne ya zo bincike. Jikan Bakano ne, haifaffen unguwar Rusaifa, Hausar bakinsa duk ta kakarsa ce. Ya san mamacin, ya sha shayinsa ba sau ɗaya ba, don haka da ya yaye mayafin sai da zuciyarsa ta karye.

Akwai rauni a ƙeya, ga wani dutse mai jini taku goma daga wurin. Amma tsohon ba a yashe yake ba. An kwantar da shi ta gefen dama, an rufe masa ido, an ɗaure masa haɓa da hankici. Kansa yana kudu, fuskarsa tana kallon inda rana ta fito. Mudassir ya daɗe a tsaye yana dubansa.

Rakan, matashin da ya kama ɗakin ƙarshe, shi ya fara ganin gawar, kuma kowa ya ji cacar bakinsa da mamacin jiya.

"Me ya haɗa ku?" in ji Mudassir.

"Ya hana ni ajiye mota a cikin kwari, wai ruwa zai tafi da ita. Na ɗaga masa murya, shi ke nan."

"Ina kake da fitowar rana?"

"Gidan mai, sayen burodi. Ku duba kyamara."

Aka duba, ga shi nan a layi yana hamma. Rakan ya fita daga zargi.

Saura Muttaka, abokin aikin mamacin. Shekara talatin da ɗaya suna kwana ɗaki ɗaya, su biyun babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, tun da suka zo Hajji suka ƙi komawa. Akwai jini a hannun rigarsa. Duk tambayar da aka yi masa, da Larabci da Hausa, ƙasa kawai yake kallo. Sauran 'yan sandan har sun gama yanke hukunci a ransu, kuma Mudassir ya san inda shirun nan zai kai tsohon: gaban alƙali, daga nan sai takobi.

"Baba, ka taimaki kanka. Kai ka kashe shi?"

"Ku rubuta abin da kuka ga dama, ɗana."

Mudassir ya duba agogo. "To, shi ke nan. Azahar ta yi, tashi ka yi salla."

Muttaka ya yi alwala a bakin ruwa. Bai ɗaga kai ya dubi komai ba, ya juya yamma ya ta da kabbara. Mudassir ya bar shi a nan ya shiga ɗakinsu. A ƙarƙashin gado ya sami leda cike da daddawa da kuka, da goro ɗanye a cikin ganyensa, ko yanƙwanewa bai yi ba.

"Wa ya kawo muku tsaraba daga gida?" ya tambayi Muttaka bayan ya sallame salla.

Hawaye ya zubo wa Muttaka har gemu.

Masu tasin unguwar Hindawiyya ba sa manta fasinja mai nisa. Kafin la'asar ɗaya daga cikinsu ya tuna wani mai Umara da ya kai kwarin jiya, ya kuma nuna masaukinsa. A can Mudassir ya tarar da mutumin zaune a bakin katifa, abincinsa ya huce a gabansa. Sunansa Abdulmuhaimin, kwanansa shida a ƙasar. Goshinsa da hancinsa sak na mamacin.

"Me Ɗan'auta yake a wurinka?"

"Mahaifina ne."

"To bari in gaya maka abin da na gani," in ji Mudassir. "Wanda ya kwantar da shi ya san hakkin gawa, kuma yana ƙaunarsa. Ya so ya fuskantar da shi alƙibla, sai ya dubi rana ya juya shi gabas, yadda ake yi a ƙasar Hausa. Amma kwarin nan gabas yake da Makka. Ka'aba tana yamma. Muttaka ko da ido rufe ba zai yi wannan kuskuren ba. Sai baƙon da bai yi mako da sauka ba."

Abdulmuhaimin ya ɗora hannu biyu a ka. "Wato baya na juya masa ga Ɗakin Allah?"

Daga nan magana ta ɓalle masa. Yana goye uban ya tafi Hajji. Uwarsa Ɗaso ta yi shekara talatin da ɗaya tana jira, ta ƙi kowane manemi, yanzu tana kwance ba ta tashi, ba ta kiran sunan kowa sai na mijin. Ya zo ne ya tafi da shi. Daren jiya sun ci tuwo tare, da safe ya sake roƙonsa a bakin ruwa.

"Ya ce shi a Makka zai mutu, in ce ta yafe masa. Ya juya zai tafi, na fizgo hannunsa, ya fizge, santsi ya kwashe shi. Wallahi so nake kawai ya tsaya ya dube ni."

Muttaka ne ya riske su. Ya rungumi kan abokinsa, ya ce wa ɗan ya gudu, kuma kafin ya gyara kwanciyar gawar sai ga Rakan.

Mudassir bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan. Ya miƙa Abdulmuhaimin ga hukuma, sannan ya wuce ɗakin da ake tsare da Muttaka.

"Baba, an wanke ka. Maganar iƙama ce kawai ta rage, gida za a mayar da kai."

Tsohon bai yi godiya ba. Ya dube shi da jajayen idanu.

"Ni ba ni da kowa a can, ɗana, ba ni da kowa a nan. Shi kuwa yaron yana da 'ya'ya uku da uwa a kwance tana jiran mutum biyu. Da ka ƙyale ni."

 Mudassir ya zauna kusa da shi a kan benci.