Gudu Ba Guduwa Ba

"Goggo, gudu na yi, ba guduwa na yi ba."

"To mi ab bambancin? Ƙafa kinka ɗauka, namiji na biye da ke."

Ummukulthum ta tsaya a tsakar gidansu na Ƙofar Kware, kambas ɗinta duk baƙar laka, hijabinta ya jiƙe da zufa. Ƙarfe tara na safiyar Asabar, amma gidan ya cika da mata kamar ranar suna. Wata ma har kuka take yi.

Sai da ta zauna sannan ta haɗa kan labarin. Auwalu, wani manomin albasa da ke ɗaukar karatu wurin mahaifinta, shi ya hange ta da sassafe a bakin Gulbin Rima ta wajen Wamakko. Ya kira Goggo Lantana, ƙanwar mahaifinta wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ya ce ya ga ɗiyar Malam tana gudu da wani yaro. Waya na yankewa, injin ban ruwa na ƙara a gefensa. Abin da ya shiga kunnen Goggo shi ne ɗiyar Malam ta gudu da wani yaro. Kafin awa guda har an samu wadda ta rantse an gan su a tashar motar Illela.

Abin dariya ne, da a ce iyakarsa ke nan. Amma mahaifinta, Malam Abdulwahabu, ya riga ya kira baffan Sharifuddeen, saurayin da ke son aurenta, ya ce zuwan neman auren da aka sa ranar Jumma'a a dakata da shi.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu. Wata shida bayan haka likita ya gwada Ummukulthum, ya cire tabarau ya sake gwadawa, ya ce yarinya mai shekara ashirin da uku ba ta da dalilin irin wannan lamba. Ya rubuta magani, ya ce ta motsa jiki. Hasana, ɗiyar kawunta da ke Arkilla, ita ta kai ta wurin masu gudun Asabar: mata bakwai a gaba, maza huɗu a baya da tazara.

Sharifuddeen na cikin mazan, safiyo ne mai awon filaye, shi ya fitar musu da hanyoyi biyu a kwarin gulbin. Farar hanya kilomita uku ce, ta cikin lambun mangwaro zuwa bakin ruwa ta dawo. Shuɗiyar hanya takwas ce, tana bin kan gonakin shinkafa, ta haye wani tudu mai tsamiyoyi, ta gangaro ta cikin giginyoyi. Ya shafa fenti fari da shuɗi a jikin itatuwa don kada kowa ya ɓata. Ranar farko da ta gama farar hanya ba tare da ta tsaya ba, ya miƙa wa Hasana gorar ruwa ya ce ta ba ta, ko kallonta bai yi ba. Wata huɗu ya ɗauka kafin ya iya tambayar sunan mahaifinta.

Ta iske Malam a ɗakin karatunsa, littafi buɗe a gabansa amma ba karantawa yake ba. Ta durƙusa ta yi bayani tun daga likita har zuwa Auwalu. Ya saurara bai katse ta ba.

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha ɗaya, Baba."

"Kullum Asabar kina ce mani za ki Arkilla wurin Hasana."

"Ina zuwa Arkillar... daga can muke wucewa."

"Rabin gaskiya kinka ba ni, kinka riƙe rabi." Ya rufe littafin. "Na san ba ki gudu ba tun kahin ki shigo. Abin da ban sani ba, ko shi yaron da ke son in ba shi amanarki shi ak koya maki ɓoye mani. Tashi ki tahi."

Da azahar Goggo ta same ta a ɗaki da tata mafitar. Ta ce ɗiyar gidan malamai ba ta tsalle-tsalle a daji, ko kakarta da ta yi shekara tamanin ba ta taɓa gudu ba sai ranar da bijimi ya kwance a unguwa. Shawararta ita ce Ummukulthum ta je gaban Malam ta ce ta daina har abada, ita kuma Goggo za ta roƙe shi a bar Jumma'a yadda take.

Ta kira Sharifuddeen tana riƙe kuka. Muryarsa ta dushe, da alama shi ma ya sha faɗa a gida.

"Sanyin idona, ki ce masu kin daina mana. Wata nawa ya rage? In an ɗaura, gidana kike, mu koma abinmu."

"Wato in sake ba shi rabi in riƙe rabi."

"Ba haka nake nufi ba..."

"Haka ne, Sharif. Ka san ina sonka, ko barci ban cika yi ba saboda lissafin Jumma'ar nan. Amma in na shiga gidanka da ƙarya a bakina, kullum ka ga na fita sai ka tuna na iya."

Ya ce ta yafe masa, tsoron rasa ta ne ya yi magana. Ya ce duk abin da ta faɗa wa Malam shi ma shi zai faɗa.

Bayan la'asar ta koma. Ta ce wa mahaifinta laifin ɓoyewa nata ne ita kaɗai, Sharifuddeen sau uku yana ce mata ta faɗa a gida tana ƙi. Ta ce ba za ta yi alkawarin dainawa ba, domin ba za ta iya cikawa da zuciya ɗaya ba. In ya hana ta, za ta hanu, amma ba za ta ce ita ta so ba. Ta gaya masa tun rasuwar Inna, duk ta shiga madafa sai ƙirjinta ya cushe. A kwarin nan ne kawai take jan numfashi ya kai ƙasa.

Malam ya daɗe yana jan carbi. Daga bisani ya ce ta kira yaron, gobe da hantsi su kai shi ya ga wurin da idonsa.

Washegari suka tafi har da Hasana, suka ajiye mota a inda kwalta ta ƙare. Sharifuddeen ya zo da farar kaftani da hula, amma da kambas a ƙafa, abin da ya sa Hasana ta toshe baki da hijabi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam. Malam ya amsa a taƙaice ya ce a wuce gaba.

Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Shinkafa ta yi kore shar har bakin ruwa, balbelu na bin shanu a ƙetare, inuwar mangwaro ta rufe hanya har sai mutum ya ji sanyi a wuya. Auwalu ya hango su daga gonarsa, ya saki fartanya ya taho yana rantsuwar shi gudu ya ce, bai ce guduwa ba. Malam ya ɗaga masa hannu kawai.

Ya ƙi farar hanya, ya ce doguwar yake so. Yana tafe da sandarsa yana kiran sunayen wurare da Sharifuddeen bai taɓa ji ba: mashayar da ake haye wa da jakai, wurin da kasuwar kifi take ci. Ashe yana yaro ta nan suke bi da ƙafa in mahaifinsa zai je wa'azi ƙauyukan gulbi. Ummukulthum na baya tana kallon yadda yake haki, tana son ta ce ya huta tana jin nauyi.

A kan tudun tsamiyoyi ya tsaya cak. Ya dubi shuɗin fentin da ke jikin itace, ya dubi sawun kambas da ya yi layi a ƙasa.

"Ta nan kuke bi?"

Sharifuddeen ya ce e, nan ne ya fi ko'ina daɗin gudu, ƙasar ba tauri ba yashi.

"Ka san mi as sa ƙasar ta yi laushi? Maƙabarta ta. Ƙauye na nan ƙasa, ruwa ya tashe su tun kahin a haihe ka, sunka bar matattunsu. Ni da kaina na yi sallar gawa a wanga wuri."

Ummukulthum ta dubi ƙasar da take tsaye a kai. Sau nawa ta ratsa nan tana dariya, tana tsere da Hasana?

Sharifuddeen bai ce taswira ba ta nuna ba, ko da yake ba ta nuna ɗin ba. Ya ja da baya a hankali har ya sauka daga tudun, ya cire takalmansa, ya tsuguna ya yi wa mamatan sallama da addu'a. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce shi ya fitar da hanyar, shi ya jawo mutum goma ta kai, bai tambayi ko manomi ɗaya ba. Ya ɗauki wani fasasshen dutse ya fara kankare fentin daga jikin tsamiyar, farar kaftaninsa na ɗaukar shuɗi.

Malam ya tsaya yana kallonsa har ya gama itace na farko ya nufi na biyu. Sannan ya juyo ya dubi ɗiyarsa, wadda hawaye ke zubo mata ba ta ko sharewa.

"Hanyarku ta bi ta bayan giginyoyin can, ka tambayi Auwalu shi nuna maka iyaka. Ke kuma duk ranar da za ki hito, daga bakinki nika son ji, Goggonki ni za ni yi mata magana." Ya gyara riƙon sandarsa. "Sharifuddeen, in ka gama kankarewa ka kira baffanka. Ka ce su taho Jumma'a, na ba ka ita."