Ajiyar Gidan Madugu a Luwiziyana

Ku matso kusa. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tafi tun yanzu. Malaminku a taswira ya ga Amurka, ni kuwa labarinta a hannuna yake.

Akwai wata jiha a can, Luwiziyana. Rabinta ruwa, rabinta rake. Kogin Misisifi ya ratsa ta ya faɗa teku. Fadamunta cike da kadoji, itatuwanta sun saki wani farin gemu har ƙasa. A wasu wuraren ko kabari ba a haƙawa, sai a gina wa gawa ɗaki a sama, don ruwa na maido ta.

A nan Arzika yake tuƙin babbar mota, yana kai rake masana'antar sukari. Shekararsa bakwai a can. Saura kwana uku ya taho gida, don tsohuwarsa ta makance, ta aiko cewa ya zo ta shafa fuskarsa kafin ta cika.

Ranar, magariba ta riske shi a hanyar bakin kogi, shi kaɗai. Daidai wani tsohon gidan Turawan gona, ya hangi dattijo a tsaye. Ya rage gudu.

"Sannu da aiki, samari."

Hausa. A Luwiziyana. Arzika ya taka birki har raken baya ya zube.

"Baba, daga ina? Bismilla, shigo."

Dattijon ya hau. Kujera ba ta lotsa ba. Warin laka ya cika motar. In ya yi magana, sai bakinsa ya rufe sannan muryar ta iso, kamar daga rijiya. Arzika ya lura, amma daɗin harshe ya rufe masa ido.

"Ka ga tudun nan da ya tare kogi?" in ji dattijon. "Da ka muka ɗauko ƙasarsa. Kwando kwando."

"Yaushe, Baba?"

"Da aka kawo ni Sifaniyawa ke mulki, amma Faransanci ake zaginmu da shi. Daga baya Faransa ta karɓe abarta, ta sayar wa Amurka. Har da mu a ciki."

Arzika ya yi 'yar dariya. Ya ce a ransa tsufa ne.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

To, Arzika akwai son a san shi. Shekara bakwai ba wanda ya tambaye shi asalinsa, direba kawai ake ce masa. Ya gyara zama, ya juya kuncinsa na hagu, ya nuna tsage uku gajeru a gindin kunne.

"Askar gidanmu ke nan. Jinin Madugu Gagarau ne ni. Gagarau na Kudu, mai ayarin da ba a ganin ƙarshensa, ka tafi da mutum ka dawo da goro."

Sai ƙarar ruwa, ɗis, ɗis, a ƙasan mota.

Arzika ya saci kallo. Ƙafafun dattijon ba takalmi. Farare fat, sun jiƙu sun yamutse. A idon sawun dama akwai marin ƙarfe, irin na ɗaure bayi.

"Na san askar nan," in ji dattijon. "Wata uku ina bin ta a baya, da igiya a wuyana. Itace na fita yi wa innata. Ta ɗora tukunya tana jira."

"Baba, ni ban..."

"Tsaya nan."

Motar ta mutu da kanta. Dama rake, hagu rake. Dattijon ya sunkuya, ya ɓalle ƙarfen kamar zare, ya miƙo.

"Ajiyar gidanku ce. Na gaji da riƙo."

Da Bature ne, da ya buɗe ƙofa ya zura da gudu. Amma Arzika ɗan tarbiyya ne. Babba ya miƙo abu, ba a barin hannunsa a sama. Tun kafin ya yi tunani, jikinsa ya rusuna, ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ƙarfen ya sulale. Ƙyas, ya kama ƙafar Arzika.

"Baba, uwata na jirana."

"Tawa ma ta jira."

Kwana uku bayan nan jirgi ya sauka a Kano, Arzika ya fito da jakarsa. Fuskar ita ce, tsagen su ne. Aka yi ta guɗa. Aka kai shi gaban tsohuwa, ta shafa goshi, ta shafa kunci, ta janye hannu.

"Wannan ba ɗana ba ne."

Aka ce ruɗin tsufa ne. Ta yi ta faɗa har wata biyu, ba wanda ya saurare ta. Da ta rasu, shi ne ya sa ta a kabari da hannunsa, bai zubar da hawaye ko ɗaya ba.

A can kuwa, direbobi sun ce in kaka ta yi, suna jin ana saran rake a gonar da ba kowa. Sara, ƙarar jan mari a ƙasa, sara. Wani lokaci murya na bin motocin da gudu tana roƙo da harshen da ba su sani ba, har ta kai iyakar gona ta tsaya.

Saboda haka in Allah ya kai ɗayanku, kada ya bi hanyar kogin nan shi kaɗai. In baƙo ya tambaye ka gidanku, ka ce kai maraya ne.

Wanda ya dawo ɗin kuma kun san shi. Shi ne mai zama a bakin rijiyar unguwa, wanda ba ya shan rake. Gobe shi za ku kai wa tuwo.