Mai Jirgi da Gonar Baba

Ran da Auta ta fara ganinsa, tsaye yake tsakiyar gonar babanta, kankana duk a tattake, rimot a hannunsa. Aikinsa ɗaukar fim ɗin namun daji da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kyamara. Ya sauko da jirgin ƙasa-ƙasa don ya ga giwaye da kyau, ashe giwa ta tsani ƙararsa, ji take kamar ƙudan zuma. Garken ya firgita, ya bi ta cikin gonar.

"Malam, kai ka yi wannan aika-aikar?" in ji Auta.

Ya ɗago, suka haɗa ido, ya daburce. "Ni ne. A'a, su ne. Wato... ni ne."

Dariya ta ƙwace mata, ita da ta zo faɗa. Nan ta raɗa masa Mai Jirgi.

Baba kam bai yi dariya ba. Da soyayya ta ƙullu tsakaninsu, maganar aure ta taso, cewa ya yi, "Wanda ya kawo min giwa gona, in na ba shi 'yata me zai kawo min gida?" Shi mai kemis ɗin bakin titi yake so ta aura, mutum mai shago da kujera.

Ita ma Auta ta rasa gane kan Mai Jirgi. Sau nawa zai ce yana tafe, ta ci kwalliya, sai dai saƙo:

"Zumata, yi haƙuri. Giwar nan ta kusa haihuwa, duk damina ita nake jira."

Ta mayar masa: "Ni kuma wa nake jira? Ni kake so ko fim? Wallahi kaina ya kulle."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, ya goge. Bai tura komai ba. Ranar ta sha kuka, don tana sonsa, ga shi Baba ya ce mai kemis ya turo magabatansa.

Wata la'asar giwar ta fito da jaririnta yana tangaɗi. Jirgin na can sama, hoto na shiga tar. Sai Mai Jirgi ya hango garken ya miƙe wajen sabuwar shukar Baba, tsohon kuma na tsaye a ciki yana buga gwangwani don ya kore su.

Mai Jirgi ya sauko da jirgin har kunnen uwar garke. Suka juya da gudu, amma sai da uwar ta make jirgin da hanci, ta bi ta kansa.

Baba ya tsinto ɓaraguzan. "Fim ɗin fa?"

"Yana ciki, Baba. Ya tafi."

"To duk daminar nan me ka samu?"

Mai Jirgi ya sosa ƙeya. "Ni ma ban sani ba."

Baba ya kalle shi, ya kalli Auta da ta iso a guje ko takalmi babu.

"Turo iyayenka, sai ka sani."

Ran ɗaurin aure Baba ya sa albarka: Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya kuma nisanta jirgi da gonarsa. Jama'a suka ce amin da dariya.

Ango na cikin gaisawa da mutane wayarsa ta yi ƙara, saƙon amarya ne.

"Mai Jirgina, yanzu na gane."

Wannan karon bai goge komai ba.

"Ni har yanzu ban gane ba, Zumata. Na rasa jirgi, na rasa fim, kuma ban taɓa farin ciki irin na yau ba."