Ranar Da Ya Ce Da Godiya

"Ba ni wayar nan, Auta."

Auta ta ɓoye hannunta a baya. Shigowarta ke nan daga aiki, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, don Allah..."

"Kin san ba na maimaita magana."

"Yau yake kira."

"Shi ya sa."

Ta juya wajen Inna. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ɗinke bakin wani tsohon zane, ba ta ko ɗago kai ba. Tun rasuwar Baba, abin da Yaya ya ce shi ne magana a gidan.

"Mai kemis ya gaya mini komai," in ji Yaya. "Ya ce kullum wayarki tana wurinsa a caji, kullum mutum ɗaya ke kira. Ya ce direbobin nan kowane gari da tasu."

"Mai kemis ya ji da maganin tarinsa da bai taɓa warkar da kowa ba."

"Shi dai a gidansa yake kwana. Naki fa? Mutumin da yake bin bayan harsashi yana kwasar abin da ya bari? Ba zan aurar da ke yau, gobe in zo ina ba ki haƙuri ba."

"Yaya, kira ɗaya. In ji muryarsa, sai ka karɓa."

Ya kamo hannunta ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai yi da mugunta ba. Kamar yadda ake ƙwace wuƙa a hannun yaro ya yi. Ya jefa wayar a aljihu ya fita.

Auta ta shiga ɗaki ta zauna a ƙasa. A kan taga akwai wani ɗan siririn littafi mai koren bango. Shi ta zuba wa ido har hawaye suka hana ta ganinsa.

A bayan babban asibiti take aiki, wurin wanki. Manyan durom na ruwan zafi, sabulu mai cin fata, igiyoyin shanya daga wannan katanga zuwa waccan. Tun da aka fara yaƙi zannuwan gado suka daina zuwa da datti, suka koma zuwa da jini.

Nan ta fara ganin mai kiran nata. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, dogo, haƙorinsa ɗaya na gaba a karye. Ya shigo rungume da barguna ya sauke a gabanta.

"Sannu, ranki ya daɗe. Ya aiki?"

"Ga shi kana gani."

Ya yi dariya. "A nan ba a cewa da godiya?"

"Wanda ya ƙoshi ke cewa."

Washegari ya dawo riƙe da littafin nan mai koren bango. A bakin tasha ya saya, wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa. Irin littattafan nan ne na ƙarfafa zuciya, shi wannan daga farko har ƙarshe a kan godiya yake magana. Auta ba ta yi nisa a makaranta ba, da yatsa take bin layi. Don haka shi yake karanta mata. Sai ya kifa bokiti ya zauna, ita tana matse zane.

"Saurara," ya ce. "Wanda ya gode wa rabin kofi ba zai kwana da ƙishi ba."

"Wa ya shanye rabin?"

"Ke dai ba kya barin magana ta wuce lafiya. Ga wata. Kafin ka yi kukan takalmi, duba ƙafarka ka gode."

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa wanke zanen mutumin da aka yanke wa ƙafa ba."

Ya rufe littafin a kan yatsarsa.

"Gaskiya ne. Amma ni da na ɗauko shi, yana cikin motata yana gode wa Allah da ɗayar ta rage."

Ta ci gaba da matsa.

Tun daga ranar ta sa masa suna Mai Godiya. Shi kuma yake kiranta Sarauniyar Kumfa. Bai taɓa ce mata yana sonta da baki ba, sai wata rana da ya ga tsagar da sabulu ya yi mata a hannu. Ya je ya sayo mai a ɗan gwangwani ya ajiye a kan durom.

"Ki riƙa shafawa. Hannun nan nawa ne, ajiya na ba ki."

Da yaƙi ya matso, aka kwashe direbobin asibiti aka tura su bakin daga. Ya zo sallama da rana tsaka, motar tana waje ba a kashe ta ba. Ya miƙa mata littafin.

"Babi ɗaya ya rage. Kada ki karanta, tare za mu ƙarasa."

"In ka kira me za ka ce mini?"

"An hana mu faɗin inda muke, an hana mu faɗin abin da muka gani. Ya aiki, da godiya. Shi ke nan."

"Ban yarda ba."

"Da me?"

"Na san ka. Ko wuta ce ke cin ka, da godiya za ka ce. Ta ina zan san kana lafiya?" Ta share hannu a zanenta. "In kana lafiya, ka yi mini ƙorafi. Ka ce abinci ba gishiri. Ka ce takalmi ya matse ka. Ranar da ka ce mini da godiya, na san ba lafiya."

Ya kalle ta har sai da ta sunkuyar da kai.

"Wato ni na zo koya miki godiya, ke kin koya mini mita."

"Ka yi alkawari."

"Na yi, Sarauniya."

Ya kuwa cika. Da farko bai iya ba.

"Ya aiki?" za ta ce.

"Aiki da... wato... sauro. Sauron nan ba su da tarbiyya."

Daga baya ya ƙware. Shayi kamar ruwan wanke kofi. Wanda yake kwana kusa da shi minsharinsa ya fi igwa ƙara. Tayar motar baya ta fi shi tsufa. Auta za ta tsaya a gefen shagon mai kemis, wayar a manne da kunne, tana dariya tana share ido. Kowace mita tasa albishir ce. Mai kemis yana daga cikin kanta yana kallonta, yana jera kwalaben da ya riga ya jera. Ya taɓa aika wa Yaya maganar yana sonta, ita ta ce a kai kasuwa.

Yanzu ga wayar a aljihun Yaya.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta san yadda suka wuce ba. Ta roƙi Yaya da safe, ta roƙe shi da yamma. Ta ari wayar wata abokiyar aikinta ta kira lambar Mai Godiya, a kashe. Aiki kuma ya ƙaru. An mai da wata makaranta a bakin gari asibitin waɗanda suka ji ciwo a daga, zannuwan can ma su ake kawo wa. Mota guda kowace safiya.

Wata ranar da ba ta aiki, Yaya ya shigo da fara'a. Ya ce mutanen mai kemis za su zo gaisuwa.

"Ni ba zan fito ba," in ji Auta.

"Za ki fito. Wanda kike ramewa dominsa yana can yana shan iska."

"Ta ina ka sani?"

"Ai ya kira."

Tsintsiyar hannunta ta faɗi.

"Yaushe?"

"Kwanaki. Da wata baƙuwar lamba. Na ce masa kada ya sake neman ki. Ko musu bai yi ba."

"Me ya ce, Yaya? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Me zai ce? Ya ce, to Yaya, ka dai gaya mata na ce da godiya. Kin gani? Lafiyarsa ƙalau, har godiya yake..."

Bai ƙarasa ba. Auta ta dafa bango ta sulale ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Wani sauti ne ya fito daga ƙirjinta wanda ya sa Inna ta jefar da ɗinkinta ta taso.

"Ke, mene ne? Auta, yi magana."

"Ba ya cewa da godiya," ta ce. "Inna, ba ya ce mini da godiya. Mun yi alkawari. Sai in ba lafiya."

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi.

"Gaisuwa ce fa," ya ce a hankali. "Kowa haka yake cewa."

"Kowa. Ban da shi."

Inna ce ta yi magana, karo na farko tun da aka fara rigimar.

"Ɗauko babur ɗinka ka kai ta makarantar nan. Duk wanda ya ji ciwo can ake kai shi. Tashi."

A hanya Auta tana ta addu'a ɗaya a zuci: Allah ka sa in same shi yana mita. Ya ce gadon da tauri. Ya ce na makara. Ya zage ni ma.

An tura kujerun ɗalibai gefe an jera gadaje. A kan allo har yanzu akwai lissafin da wani malami bai goge ba. Wata nas mai jajayen idanu ta tare su.

"Wa kuke nema?"

"Direba ne. Dogo. Haƙorinsa na gaba a karye."

Nas ɗin ta kalli fuskarta, sannan ta kalli hannayenta masu tsaga. Ta daɗe tana kallon hannayen.

"Ke ce Auta?"

"Ni ce."

"Zo ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Ina yake?"

Ta kai ta ƙarshen ajin, kusa da taga. Gado ne ba kowa. Katifar roba, an yaye zanen.

"Jiya da safe," in ji nas ɗin. "An riga an kai shi makwancinsa tare da sauran. Ki yi haƙuri."

Auta ta ɗora hannu a kan katifar. Sanyi.

"Ranar da aka kawo shi yana magana. Ya ari wayata ya yi kira ɗaya. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi. Sai dai ya buɗe ido ya kalli ƙofa ya ce, Auta ta zo? Na tambaye shi wace Auta, wane gida, ba ya iya faɗa. Ni baƙuwa ce a garin nan, 'yar'uwa. Wane gida ne babu auta?"

"Ya sha wahala?"



"Ban taɓa jinyar mutum irinsa ba. Ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. In na ce ya jiki, sai ya ce da godiya."

Don ta sanyaya mata rai ta faɗa. Auta ta durƙusa ta kifa goshinta a kan robar.

"Ina zanen?" ta ce bayan wani lokaci.

"An tafi da shi wanki."

Washegari ta je aiki. Abokan aikinta suka ce ta koma gida, ta ƙi. Tulin zannuwan makarantar yana nan a bakin durom, duk farare, duk da jini, ba wanda yake da suna. Ta hana kowa taɓawa. Ita kaɗai ta wanke su, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a hankali kamar tana yi wa jariri wanka. Ba ta san wanne ne nasa ba, don haka ta ɗauke su duka nasa ne. Bokitin da yake kifawa ya zauna yana nan a gefe, ba ta ɗaga shi ba.

Mutanen mai kemis ba su zo ba. Yaya da kansa ya je ya ce kada su zo. Ya kuma daina bi ta ƙofar shagon.

Auta ba matar Mai Godiya ba ce, don haka ba a zo mata gaisuwa ba, sai maƙwabta biyu da suka san zancen. Littafin yana kan taga. Babi ɗaya ya rage, ba ta buɗe ba. Ya ce tare za su ƙarasa.

Da yamma Yaya ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Bai taɓa yi mata sallama ba. Ya shigo ya ajiye wayar a gabanta, ya tsuguna nesa kaɗan. Duk maganar da ya shirya ta gudu, sai wadda kowa ke faɗa ta rage masa.

"Auta... ya haƙuri?"

Ta ɗago ta kalle shi. Idonta a bushe.

"Da godiya, Yaya."

Ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa.