Fitilar Taga

"Kin kusa kashe mana uwa, kina jina?"

Torunn ta daskare a ƙofar kicin. Hilke ce, yayar saurayinta Wessel, idonta jawur.

"Ni? Me na yi?"

"Au, tambaya ma kike? Tunda kika sauka gidan nan hitar ɗumama ɗaki ke ruri a ɗakinki tana shan gas, ga taga a wangale! Fitilu kuwa sai ka ce gidan biki. Nan Holan ne, ba Norway ɗinku ba. Saboda tsadar gas Mama ta kashe hitar ɗakinta don taki ta yi aiki, ga ta can kwance tana ta tari!"

Wayyo! Torunn ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A garinsu na can arewa, wutar lantarki daga ruwan duwatsu take zuwa, araha kamar banza, wa ke kashe fitila? Jiya ma wajen cin abinci ta dinga dariya tana kwatanta tsadar gas ɗin Holan da arahar wutar garinsu. Tsohuwa kuwa murmushi kawai take, rigar sanyi biyu a jikinta.

Wessel ya shigo, ya riƙo hannunta.

"Masoyiyata, laifina ne, ni ne ban faɗa miki ba..."

"Ƙyale ni, Wessel! Da wane ido zan kalle ta? Wace uwa ce za ta ba irina ɗanta?"

Tana kuka ta murɗe hita, ta rufe taga, ta bi fitilun gidan duk ta kashe. Ta ciro rigar ulun da kakarta ta saƙa mata, ta shiga ɗakin tsohuwa. Sanyi kamar cikin firji.

"Mama Geertje, ki yafe mini..." ta ce tana lulluɓa mata rigar. "Gobe zan koma gida."

Tsohuwa ta yi tari, ta dube ta.

"Ƙaramar fitilar nan da kike kunnawa a tagar falo, ta mece ce?"

"Al'adarmu ce. Don wanda ke waje ya san ana jiransa. Ita ma na kashe ta."

"Wa ya aike ki? Tun rasuwar maigidana, kullum na dawo gida duhu nake tararwa. Ran nan na hango ta daga bakin titi, sai da na tsaya na share hawaye."

Ta kamo hannun Torunn ta matse.

"Je ki kunna ta, surukata. Amma kika sake buɗe mini taga hita na kunne, to, ni da ke ne!"